Sayen ƙaramar mota a gwanjon Amurka: me zan duba kafin in saki kuɗina?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina neman ƙaramar mota mai ƙofa huɗu wadda ba ta shan mai, don zuwa aiki da kai yara makaranta. Wani dillali ya ce in ba shi kuɗi ya tayo mini a gwanjon Copart na Amurka, wai ya fi sayen tokunbo a nan sauƙi. Wace mota ce ba za ta wahalar da ni ba, kuma me ya kamata in duba? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abu na farko da za ka riƙe shi ne, akasarin motocin Copart da IAA, wani kamfanin gwanjo irinsa, kamfanonin inshora ne ke kawo su bayan haɗari, ambaliya, gobara ko sata. Yadda take haka ake sayar da ita, babu gwaji, babu mayarwa. Saboda haka aikinka ba neman mai ƙyalli a hoto ba ne, neman wadda lahaninta ke gyaruwa a hannun makanikan garinku ne.

Idan don zaman lafiya ne, Toyota Corolla ƙirar 2014 zuwa 2019 muke ba da shawara. Injinta mai lita 1.8 sarƙar taimin gare shi ba bel ba, yana jure zafi, kuma kayan gyaranta ba sa wahalar samu a Kaduna, Kano ko Ladipo a Legas. Sai dai yawancinsu giyar CVT gare su, wato giyar otomatik mara hawa-hawa, wadda ba ta yarda da kowane mai. Aka zuba mata man giya na gama-gari, ba za ta daɗe ba za ta fara zamewa da kuka. Samfurin L na 2014 zuwa 2016 yana da tsohuwar giya mai hawa huɗu, wadda makanikanmu suka fi sani. In ka same shi da lafiya, kada ka raina shi don ba shi da kayan ƙawa. Bayan Corolla sai Honda Civic da Mazda3 daga 2014, ko da yake kayan Mazda sai an ɗan nema. Ka kauce wa Ford Focus mai giyar PowerShift ta 2012 zuwa 2018 da Nissan Sentra mai CVT ta 2013 zuwa 2019. Arharsu a gwanjo tana da dalili, giyarsu ce ta yi ƙaurin suna.

Kada ka ba da ko sisi sai dillalin ya turo maka lambar VIN, wato lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, tare da lambar motar a gwanjon. Ka buɗe shafin motar a gwanjon da kanka, ka sayi rahoton tarihin motar na Carfax ko AutoCheck, ka kuma rubuta lambar VIN ɗin a Google. Sau da yawa tsofaffin hotuna kan fito. Akwai masu sayen motar da ta ragargaje, su ɗaura mata bamba da fitilu sama-sama, su sake jefa ta gwanjo. Alamarsu ita ce motar ta bayyana sau biyu cikin 'yan watanni, kuma mai sayarwa na biyu ba kamfanin inshora ba ne. Irin wannan ka bar ta.

Game da lahani, mafi sauƙi shi ne dukan ƙanƙara, wanda ke yawa a Texas da Colorado: jiki ya lotsa, amma inji da shasi lafiya lau. Sai bugun baya mara tsanani, da gogar gefe da ba ta taɓa ginshiƙin tsakanin ƙofofi ba. Bugun gaba kuwa sai an zura ido. Ka faɗaɗa hoton ka duba ko lagireto ya koma ciki ya manne wa inji, ko wata tayar gaba ta karkace ko ta ja baya daga mazauninta, ko tazarar bonet da ƙofa ta bambanta hagu da dama. Waɗannan alamun shasi ya motsa ne, kuma motar da shasinta ya motsa cin taya da jan sitiyari ba sa rabuwa da ita ko an ja ta. Jakunkunan iska in sun fashe, ka lissafa kuɗin sababbi da bel ɗin kujeru da na'urar da ke sarrafa su. Wasu masu gyara rufe wurin kawai suke yi su kashe fitilar gargaɗi, alhali yara za ka ɗauka a ciki.

Motar ambaliya kam, komai arharta, ka haƙura. Ruwa, musamman na teku a Florida, Louisiana da gabar Texas, yana shiga wayoyi da kwamfutar mota, tsatsa ta yi ta ci a ɓoye, sai bayan watanni matsaloli su riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya. Motocin Michigan, Ohio da New York kuma gishirin da ake zuba wa titi lokacin sanyi yana cin ƙarƙashinsu, don haka ka nemi hoton ƙasan motar.

Rubutun "Run and Drive" yana ruɗar mutane. Ma'anarsa motar ta tashi ta motsa lokacin da aka kawo ta filin, ba alƙawarin lafiyar inji ko giya ba ne. Biyan mai duba mota mai zaman kansa ya je filin, ya ɗauki bidiyon inji yana aiki, ya duba baƙin mai, ya sa na'urar karanta matsala, kuɗi ne ƙalilan idan aka gwada da sayen giya. Ka tabbata akwai makulli, kuma awon tafiyarta an rubuta "Actual", wato na ainihi ne. Mil ne ba kilomita ba: mil 120,000 ya kai kusan kilomita 193,000. Takardar mallaka ma ka sa kamfanin jirgi ya tabbatar za a iya fitar da motar daga Amurka da ita kafin a taya, domin kwastam na Amurka na buƙatar ta aƙalla awa 72 kafin lodi, kuma mai ɗauke da "Certificate of Destruction", wato takardar motar da aka ware don a farfasa, takan jawo cikas.

Batun sauƙi kuwa, lissafi daga ƙarshe ake faro shi. Tambayi farashin irin motar, tokunbo mai tsabta, a wurin dillalan Kaduna ko Berger a Legas. Daga ciki ka cire kuɗin gwanjo da na fitarwa daga fili, la'adar dillali, ɗauko ta zuwa tashar jirgi, kuɗin jirgi zuwa tashar Tin Can a Legas, fito da sallamar ejan, kawo ta Arewa, sannan gyara, ka ƙara wani kaso saboda abin da hoto bai nuna ba da tashin dala. Abin da ya rage shi ne iyakar tayinka. Ka rubuta wa dillalin adadin, kada ya wuce ko da dala hamsin. In ragowar ba ta sayen mai lafiya, to tokunbo da za ka gani da ido ka tuƙa ta fi maka. Ka tuna kuma in tayinka ya ci, 'yan kwanaki kawai ake bayarwa a biya. Jinkiri tara ce da kuɗin ajiya, fasawa ma tara ce.

Tun 2022 kwastam na Najeriya ke ƙiyasta fito da lambar VIN, don haka ejan zai iya ba ka lissafi tun motar na fili, ya kuma gaya maka ko shekarunta sun wuce iyakar da aka yarda a shigo da ita. In dillalin ya ce ta Kwatano zai biyo da ita don rage kuɗi, kada ka amince: an hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa tun Janairun 2017, kuma mota mara sahihiyar takardar fito ana iya kama ta a hanya ko bayan shekaru. Ka nemi rasidin gwanjo, takardar lodin jirgi da takardun kwastam duka su fito da lambar VIN ɗin da ka bincika tun farko.