Me Ya Sa Kullum Ake Gasar Tanis a Monastir?

Tambaya: Malam, duk lokacin da na duba sakamakon wasanni a wayata sai na ga "M15 Monastir", kusan kowane mako. Wace irin gasa ce wannan da ba ta ƙarewa, kuma ana samun kuɗi a cikinta?

Amsa: Gasa ce ta mataki mafi ƙanƙanta a tanis na ƙwararru, ƙarƙashin hukumar tanis ta duniya. Harafin M na nufin ta maza, 15 kuwa dala 15,000 ce, jimillar kuɗin da 'yan wasa za su raba. A samanta akwai gasannin Challenger, sannan na ATP, ƙungiyar ƙwararrun 'yan tanis maza, sannan manyan gasanni huɗun nan irin su Wimbledon.

Batun kuɗi, ɗan'uwa, kada lambar ta ruɗe ka. Mutum 32 ke shiga babban zagaye. Wanda ya cinye kofi yana tashi da ɗan abin da ya haura dala 2,000, wanda aka fitar a wasan farko kuwa abin da zai karɓa bai kai 200 ba, ga kuɗin jirgi, ga ɗaki, ga abinci, ga zaren raket da ke tsinkewa. Yawancinsu da asara suke komawa gida. Maki suke nema. Zakaran M15 yana samun maki 15, na Wimbledon 2,000, amma da waɗannan 'yan makin ne yaro ke hawa jadawalin duniya har a karɓe shi a Challenger.

Monastir gari ne a gaɓar tekun Bahar Rum a Tunisiya, kusa da Sousse, kuma a Monastir ɗin aka haifi shugaban ƙasar na farko, Habib Bourguiba. Yankin ya dogara sosai da baƙi masu yawon buɗe ido, kuma a nan sirrin yake. Filayen wasan a harabar otal suke. Ɗan wasa zai kama ɗaki ya zauna mako uku ko huɗu, ya buga wannan gasa, ya wayi gari cikin ta gaba, ba sai ya sake sayen tikitin jirgi ba. Otal ya sami masu kwana ko da lokacin sanyi da baƙi ke ƙaranci. A ganina wannan ciniki ya fi yi wa otal daɗi, amma ga yaro daga Faransa ko Italiya, da wuya ya sami hanya mai araha kamarta.

Filin kuma daɓe ne na siminti ko kwalta da aka shafe da fentin roba mai yashi. Ba ya bukatar ban ruwa da shara kullum kamar filin jar ƙasa, shi ya sa yake jure wasa duk shekara, sai dai yana cin gwiwa.

Ons Jabeur, 'yar wasan tanis ta Tunisiya wadda ta kai ta biyu a duniya a 2022, a jihar Monastir aka haife ta, a garin Ksar Hellal.