Tambaya da Amsa: Wa ya fara ɗaukar hoton faɗuwar tauraro?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mai ɗaukar hoton biki ne a Tudun Wada nan Kaduna. Kwanaki muna dawowa daga wani kamu a Rigachikun wajen ƙarfe ɗayan dare, an ɗauke wuta ko'ina duhu, sai ga wani haske ya tsaga sama shuuu, irin wanda muna yara ake ce mana jifan shaiɗanu ne. Kyamara na rataye a wuyana amma wallahi kafin in cire murfi ya ɓace. Shi ne nake tambaya, wai mutanen da, da kyamararsu ta sa kai cikin baƙin ƙyalle, ya aka yi suka ɗauki abin nan? Wa ya fara?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka daina ganin laifin hannunka, ba wanda ya isa ya riga abin nan. Ba tauraro ba ne na gaske, ɓarɓashin dutse ne, yawancinsu ba su wuce ƙwayar gero ko tsakuwa ba, suna faɗowa cikin iskar duniya da gudun kilomita 11 zuwa 72 a sakan ɗaya, su ƙone can sama wajen kilomita 100. Wato mai saurin cikinsu, kafin ka ce kwabo ya bar Kawo ya kusa Zariya. To ina kai ina cire murfi?

Mutanen da ma sun sha wannan takaici. A watan Nuwamban 1833 aka yi ruwan taurari a Amurka kamar da bakin ƙwarya, mutane na ta kuka sun zaci tashin duniya ne, amma babu hoto ko ɗaya don sai 1839 Louis Daguerre na Faransa ya fito da hanyar ɗaukar hoto. Zanen wannan dare da ka gani yana yawo a intanet, da hannu aka yi shi, bayan shekara 50 da wani abu ma. Da kyamarar ta zo kuma idonta bai da ƙarfi. A 1850 da aka fara ɗaukar hoton tauraro a jami'ar Harvard ta Amurka, wanda ake kira Vega, sai da aka bar kyamara buɗe wajen sakan 100, alhali shi yana nan a samansa ba inda zai je. Ina ga wanda ko sakan ɗaya ba ya kaiwa?

Sai da aka samu busasshen gilashin hoto mai saurin kama haske, bayan 1871, sannan aka fara sa rai. Wanda ya ciri tuta shi ne Ladislaus Weinek, masanin taurari a birnin Prag, daren 27 ga Nuwamba 1885. Ba sa'a kaɗai ba ce, an san wata tauraruwa mai wutsiya da ake kira Biela ta dare biyu a 1846, tarkacenta ya yi ruwan taurari a 1872, ana zaton zai sake. Sai ya ɗana kyamara ya bar idonta a buɗe. Daren nan dubbai suka yi ta zubowa kowace awa, amma da aka wanke gilashi me aka samu? Ɗan layi guda, milimita 7, bai kai rabin tsinken ashana ba. Shi ne hoton farko da aka sani. Ni dai abin na ba ni dariya da tausayi lokaci guda.

Ka ga sirrin kenan, tarko ake ɗanawa, ba bin abin ake da kyamara ba.

Wanda dabararsa ta fi burge ni shi ne William Elkin na jami'ar Yale, tun daga 1893 yake wannan aiki. Hoton layi kawai ba ya gaya maka gudun abin, sai ya samo wilin keke, eh keke dai wanda ka sani, ya rufe wasu sassansa ya sa yana juyawa gaban kyamara kamar fanka. Hasken sai ya fito a guntule a guntule, tunda kuwa an san sau nawa wilin ke juyawa a sakan, ƙirga guntayen za a yi, a haɗa da nisan abin, a san gudun. Daga 1936 Fred Whipple na Harvard ya ɗora a kai, kyamara biyu a wurare biyu masu nisa da juna, a haɗa hotunan a gane nisan da abin yake a sama da inda ya fito.

Amma a ɗauki hoton faɗowar kuma a je a tsinci dutsen a ƙasa, wannan sai ranar 7 ga Afrilu 1959 a Pribram, ƙasar Cek ta yanzu. Zdenek Ceplecha da mutanensa tun 1951 suke ɗana kyamarori kowane dare mai kyau, shekara 8 suna wankin gilashi kafin babbar harka ta faɗa. An tsinci guda 4, duka ba su cika kilo 6 ba, kuma lissafi ya nuna dutsen ya fito daga zoben duwatsun da ke tsakanin duniyar Mas da Jufita. Amurkawa suka kafa tasha 16, suka yi wajen shekara 10 suna ɗauka, sau ɗaya tal suka tsinci dutse, na garin Lost City da ya faɗo ranar 3 ga Janairu 1970, shi ma bayan kwana 6 aka ga babban gutsurensa kwance kan hanya cikin ƙanƙara, kusan kilo 10.

Mu ma nan an yi, kyamara ce dai babu. Ranar 3 ga Oktoba 1962 wani manomi a Zagami ta ƙasar Katsina yana korar hankaki daga gonar masara, sai ƙara, sai ga dutse mai wajen kilo 18 ya nutse a ƙasa 'yan taku kaɗan daga inda yake tsaye. Nan Kaduna aka kawo shi, ofishin binciken ma'adinai, daga baya bincike ya tabbatar daga duniyar Mas ya zo. Da yau ne da kafin magariba ya cika TikTok, kamar na Chelyabinsk a Rasha a 2013 da kyamarorin gaban motoci suka yi ta ɗauka.

In kana son naka, manta da ruwan taurarin da ake yi a Agusta, hadarin Kaduna ba zai bar ka ba. Jira na daren 13 zuwa 14 ga Disamba, in hazo bai yi yawa ba. Kafa kyamara kan ƙafarta, sa ido mai faɗi, buɗe shi duka, ka bar ta tana ɗaukar sakan 15 ko 20 a jere a jere daga sha biyun dare har asuba. Ba sai ka shiga daji ba, ka san halin da ake ciki, saman bene ma ya isa in an ɗauke wuta. Ka tanadi batir biyu da rigar sanyi, in ka kama ko ɗan milimita 7 ne ka turo mana mu buga.