Suturar zuwa ofis a Riyad

'Yar'uwa, kin ce kin samu aiki a Riyad, kina tambayar me za ki riƙa sawa zuwa ofis. Ki nemi abaya mai yalwa marar ado da yawa, ki haɗa da gyale mai rufe gashi. A ciki ki sa doguwar riga ko wando mai faɗi.

Tun 2019 Saudiyya ta daina wajabta wa baƙi mata sa abaya, amma inda na yi aiki ita yawancin mata ke sawa har yanzu, musamman ranar zama da jami'an gwamnati. Ba dole sai baƙa ba. Ki dai zaɓi yadi marar nauyi, don zafin Riyad a watan Yuli yakan haura digiri 40, mai kauri kuwa wahala za ta ba ki sosai.