Amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan yi wa Mama gashi ta waya

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Mama lafiya ya sa kaffara ne. Na ga tambayarki, kin ce Mama ta samu shanyewar ɓarin jiki an sallamo ku, kuna can wajen Gumel, zuwa Kano duk sati ya fi ƙarfinku ga kuɗin mota ga wahalar ɗaukarta, sai wani likitan gashi, wato likitan fisiyo mai koya wa jiki motsi, ya ce zai riƙa duba ta ta bidiyo kol, shi ne kike tambaya ko abin yana yi ko cin kuɗi ne kawai. Na kuma ga masu ce miki damfara ce. To ni dai mun yi da Babanmu, kuma ya yi, amma da sharaɗi.

Mu a lokacin korona a 2020 abin ya same mu, an kulle Kano ba shiga ba fita, dole ta sa muka koma waya. Da farko ni ma raina abin na yi, don a tunanina gashi ai na'ura ce da fitila mai zafi da tausa, to ta yaya za a tausa mutum ta WhatsApp? Ashe a shanyewar jiki ba tausar ce ke tada mutum ba, maimaici ne. Ƙwaƙwalwa ce ta samu rauni, kuma sai an yi ta maimaita motsi ɗaya, tashi daga kujera, zama, miƙa hannu a ɗauko kofi, kafin ta sake koyon hanya, wannan kuwa a gida ake yinsa kullum ko da kuna zuwa asibiti. Shi ya sa kar ki zauna jiran sai kuɗi sun taru, watanni 3 zuwa 6 na farko su ne jiki ya fi karɓar sauƙi.

Sharaɗin shi ne a samu mutum ɗaya tak a gida wanda zai zama hannun likitan. Ba yau Yaya gobe ƙanwa jibi 'yar aiki ba. Mutum ɗaya mai haƙuri mai ɗan ƙarfi wanda likita zai koya wa, shi kuma ya koya wa sauran. Idan babu wannan mutumin wallahi kar ki ɓata datarki, Mama ba za ta riƙe waya ta kuma motsa kanta ba. Mu ƙanina ne ya ɗauka, ni kuma mai riƙe waya da rubutu.

Sannan ki daure a kai ta ido da ido ko sau ɗaya tun farko, ko Asibitin Malam Aminu Kano ko na ƙashi na Dala ko duk asibitin da ke kusa da ku mai sashen fisiyo. Akwai abin da kyamara ba ta gani. Taurin tsoka sai an taɓa, kafaɗa ko ta saki daga gurbinta sai likita ya sa yatsa ya ji, haka ko tana jin taɓi a ƙafar. Daga nan sai a koma waya, a riƙa leƙa shi jefi-jefi.

Yadda muke yi, ana jingine wayar a kan kujera da filo a bayanta, a kwance ba a tsaye ba, da ɗan nisa yadda zai ga Baba daga kai har tafin ƙafa, haske kuma ya zamana a bayan waya yake, in taga na bayan mara lafiya inuwa kawai zai gani. A naɗe darduma da tabarma a kau da su, a cire silifas. Kujera mai hannu wadda ba ta zamewa, a jingina ta da bango. Sai ka ji likitan yana cewa "ja ƙafafunsa baya, Baba a sunkuyo gaba, hanci ya wuce gwiwa, to bismillah", ƙanina yana tsaye ta ɓangaren da ya shanye ya tokare gwiwar Baba da tasa, hannunsa a ƙugu. Ranar da ya ga ƙanina ya kai hannu zai jawo Baba ta hannun da ya shanye sai da ya daka masa tsawa ta cikin wayar. Kar a taɓa ɗaga ta da wannan hannun 'yar'uwa, ko a sa hannu a hammata a finciko, kafaɗar ba ta da tsokar da za ta riƙe ta, ciwon da zai biyo baya ya fi shanyewar hana barci. In tana zaune a ɗora hannun a kan filo kar a bar shi yana lilo.

Maganar netwok kuwa kin san halinsa, ana tsakiyar abu hoto zai daskare. Dabarar da ta fi mana ita ce mu ɗauki gajeren bidiyo na Baba yana atisayen mu tura, shi kuma ya dawo mana da saƙon murya na gyara, wani lokacin ya ɗauki kansa yana nunawa. Bai kai kiran kai tsaye cin data ba kuma kina da shi kullum ki sake kallo. Kiran kai tsaye sai in za a shiga sabon mataki.

Ki sayi na'urar awon hawan jini ta gida, a auna kafin a fara a rubuta a littafi, ki tambayi likitan lambar da in ta kai a fasa ranar. Maganin hawan jininta kuma kar a tsaya da shi don an ga sauƙi. In kuma kika ga baki ya sake karkacewa, magana ta harɗe, ko ƙwauri ɗaya ya kumbura yana zafi, ko ciwon ƙirji da haki, ko tana yawan ƙwarewa in ta sha ruwa, wannan ba na waya ba ne, a nemi mota. Kuma don Allah ki hana masu zuwa dubiya gasa mata da tawul da ruwan zafi, kowa ya zo da nasa ilimin, wurin da ba ya jin zafi sai ya ƙone ya yi bororo ba ta sani ba. In har yanzu a kwance take a riƙa juya ta duk bayan awa 2 saboda gyambon kwanciya.

Shi kuma likitan ki bincika. Likitan gashi na gaskiya ya yi aƙalla shekara 5 a jami'a, kuma yana da lasisin MRTB, hukumar da ke yi wa likitocin gashi rajista a Najeriya, ki ce ya turo miki, wanda ke da shi ba zai ji haushi ba. Wanda ya fara da tallata miki na'urar jijjiga ko wani man shafawa kafin ya nemi takardar sallamar asibiti ya tambayi magungunan da take sha, ki ja jikinki. Ku kuma daidaita kuɗin tun farko, na kowane kira ne ko na wata, kuma duba bidiyon da kika tura yana ciki ko daban yake.