Tambaya da Amsa: Gyaran tsohon ginin kimiyya, ta ina za a fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina cikin kwamitin gyaran ginin sashen sinadarai na jami'armu, wanda aka gina a shekarun 1970. Kuɗin ba yawa. Wasu sun ce a toshe tagogi, a sa na'urar sanyaya ɗaki da sola. Ya kuka gani? Daga wani malami, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Sola ta jira tukuna. Kafin magini ya ɗaga guduma, a kwashe tsofaffin sinadarai, kuma masani ne zai yi, ba leburori ba. Kwalbar da murfinta ya yi gishiri-gishiri kada a murɗe ta, wasu na iya fashewa. A kwance gwiwar bututun da ke ƙarƙashin kowane wurin wanke kwalabe, can zaiba take taruwa.

Sai rufi da silin. A ginin wancan zamani sau da yawa da asbestos ake yin su, wani ma'adini mai zare-zare da ƙurarsa ke jawo cutar dajin huhu. A jiƙa shi, a cire falle-falle ba tare da fasawa ba, a naɗe cikin leda mai kauri ninki biyu. Takunkumin kyalle ba ya tare ƙurar nan.

Maganar toshe tagogi kuwa ba mu goyi bayanta ba. Na'urar sanyaya ɗakin da ake maƙalawa a bango iskar ɗakin take juyawa, tururin sinadari yana nan inda yake. Ɗakin gwaji yana son iskarsa ta sabunta aƙalla sau 6 a awa. Akwatin zuƙe hayaƙi, wato wanda ake aikin sinadari a cikinsa fanka na fitar da tururin waje, ya riƙa jan iska kusan mita 0.5 a daƙiƙa a bakinsa, bututunsa ya zarce rufi da mita 3. In an rufe ko'ina ruf, iskar da za ta maye gurbi ba ta shigowa, fanka ta yi ta ƙugi a banza.

A sake wayoyin lantarki dukkansu, da wayar ƙasa, da makatsin wuta mai 30mA (wanda ke katse wuta in ta fara yoyo) a layin soket. Tukwanen gas su koma waje. Ƙofofin fita biyu, masu buɗewa waje, da famfon wanke ido da ɗalibi zai kai cikin daƙiƙa 10.

Abin da ya rage na kuɗin a sa fitilun LED. In an zo kan sola, injiniya ya fara duba ko katakon rufin zai ɗauki nauyinta, a kuma fara haɗa mata fankokin zuƙe hayaƙi da firijin samfura.