Ku Tambayi Masu Hoto: Wane lens ne zai dace da kyamarata, kuma ina zan samu na hannu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Da Nikon D3200 nake ɗaukar hoton biki da suna. Na sayi lens 50mm f/1.8D na hannu, ya zauna daram, hoto ma yana fita, amma ba ya kama fokas da kansa. Mai shagon ya ce kyamarata ce ke da matsala. Haka ne? — Mai hoto daga Gusau

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kyamararka lafiyarta ƙalau, lens ɗin ma haka. Jituwa ce kawai babu a tsakaninsu. Tun 1959 Nikon ke amfani da baki (wurin da ake ɗaura lens a jikin kyamara) iri ɗaya, wanda ake kira F, shi ya sa lens ɗin da ya girme ka ma zai iya zama a jikin kyamarar. Amma zama daban, aiki daban.

Cire lens ɗin ka duba gindinsa, za ka ga wani ɗan abu kamar kan sukuru. Duk lens ɗin da aka rubuta wa AF ko AF-D ba shi da injin fokas a cikinsa, injin da ke jikin kyamara ne ke murɗa wannan sukurun. D90, D7000, D7100, D610 da D750 suna da injin. D40, D60 da duk jerin D3000 da D5000 ba su da shi. Naka sai lens mai AF-S, wanda injinsa ke cikinsa: 50mm f/1.8G, ba mai D a ƙarshe ba. Harafi ɗaya ne ya raba su, kuma a nan mutane ke faɗawa, don mai D ya fi araha.

Idan mai shagon ya ƙi karɓa, za ka iya aiki da shi da hannu. Kulle zoben ƙofar haske a f/22, in ba haka ba kyamarar ba za ta ɗauka ba. Sai ka riƙa murɗa zoben fokas har koren ɗigo ya tsaya a ƙasan abin leƙe. Ga hoton wanda ya tsaya cak, wannan ya wadatar. Ga filin kamu, inda kowa ke motsi, wahala za ka sha.

Ka kuma kiyayi AF-P, wanda ya fito a 2016. Ba ya aiki da D3200, D3100, D5100, D90 ko D7000, kuma ko da hannu ba zai yi fokas ba, saboda zoben nasa ma da lantarki yake aiki. D3300 da D5300 suna karɓarsa bayan an sabunta manhajar cikinsu, D3400 da D3500 kuwa kai tsaye.

In za a maida maka kuɗinka, shawararmu ka nemi 35mm f/1.8G DX. Sensar D3200, wato farantin da ke kama hoto a cikinta, ƙarama ce, ana ninka lambar lens da 1.5, wato 50mm zai nuna maka kamar 75mm. A ɗakin amarya da aka cika da jere, bayanka zai taɓa bango mutum uku ba su shiga hoton ba.

Tambaya: Ina da Canon 700D da lens biyu, 18-55 da 55-250. Ina shirin sayen 6D. Za su yi min aiki a kanta? — Wata ɗaliba daga Zariya

Amsa: Malama, ba za su yi ba, ko shiga ma ba za su yi ba. Dukansu EF-S ne, waɗanda Canon ya fara yi a 2003 don kyamarori masu ƙaramar sensa. Gindinsu ya fi kutsawa ciki, 6D kuma babbar sensa gare ta, madubin da ke cikinta babba ne, zai iya bugunsa, don haka da gangan aka ƙera su yadda ba za su zauna ba. Duba bakin 700D ɗinki: akwai jan ɗigo da farin murabba'i. Jan na EF ne, farin na EF-S. A bakin 6D da 5D ja ne kaɗai. Wato lens ɗin EF, wanda ake yi tun 1987, yana hawa duka biyun, EF-S kuwa ƙananan kawai. Kar ki bari wani ya ce zai yanke robar gindin ya tura, madubin kyamara zai iya lalacewa.

Na Sigma da Tamron sun fi ruɗarwa, domin su suna zama. Sigma mai DC da Tamron mai Di II na ƙaramar sensa ne, a kan 6D za ki ga kusurwoyin hoto sun yi baƙi. Mai DG ko Di zalla shi ne na babba. Mai DN ko Di III na kyamara marar madubi ne, bai shafe ki ba.

Lissafinki ya haɗa da kuɗin lens, ba na bodi kaɗai ba. Mafi sauƙin farawa shi ne 50mm f/1.8 STM na 2015, wanda gindinsa ƙarfe ne, ba tsohon mai lamba II da gindin roba ba. Tun yanzu ma zai yi miki aiki a 700D. In kuwa kin karkata ga marasa madubi na jerin R, adaftar EF-EOS R tana ɗaukar EF da EF-S duka, sai dai babbar sensa takan rage kanta idan ta ga EF-S: miliyan 26 na ɗigon hoto da ke EOS RP sai su koma kusan miliyan 10. Lens ɗin EF-M na kyamarar Canon M50 kuwa danginsa kaɗai yake hawa, ba ya hawa R.

Tambaya: Sabo ya fi ƙarfina. A ina ake samun lens na hannu mai kyau, kuma yaya zan gane ba rubabbe aka ba ni ba? — Mai karatu daga Kano

Amsa: Ɗan'uwa, wanda ya fi kwanciyar hankali shi ne na hannun abokin sana'a da ya canza kyamara, don ka san inda za ka same shi gobe. Sai shagunan kayan hoto da ke kawo tokumbo. Legas ta fi yawan kaya, a Computer Village ta Ikeja da kasuwar Alaba, a Abuja kuma akan leƙa Banex Plaza da ke Wuse 2. A shafin saye da sayarwa na Jiji da a Facebook ma ana dacewa, amma da sharaɗi: ba a cinikin biri a sama. Ku haɗu da rana, a wurin jama'a, ka gwada, sannan ka tura kuɗi. Wanda ya ce sai ka biya kafin ya sa a mota, ka bar masa kayansa, sai dai in kana da amintacce a garin da zai je ya duba.

A waje akwai kamfanonin kayan hoto na hannu, KEH a Amurka da MPB a Ingila, waɗanda ke duba kaya, su rubuta matsayinsa, su ba da garanti na wasu watanni. A eBay masu sayarwa daga Japan suna da yawa, amma ka karanta bayanin har ƙasa, domin a can sukan ambaci hazo ko fumfuna ko da kanun ya yabi kayan. Ka tambaya ko suna aikowa ƙasarka, ka lissafa kuɗin aike da na kwastam, ka kuma tuna cewa maida kaya daga nan aiki ne ja.

Ranar sayayya ka tafi da kyamararka, ba ta mai shago ba, da cikakken batir, da katin ajiya, da tocila. Fara da jikin lens ɗin. Lotsewa a bakin da ake ɗaura filta shaida ce ya taɓa faɗuwa. Kan sukurorin gindi da suka cinye alama ce an taɓa buɗe shi. Murɗa zoben zum da na fokas daga farko zuwa ƙarshe, in ka ji ƙaras-ƙaras yashi ya shiga.

Sannan ka buɗe ƙofar haske, ka haska tocila ta baya kana kallo ta gaba, ka kuma juya. 'Yar ƙura kada ta dame ka, kusan duk lens ɗin zum yana da ita, ba ta fita a hoto. Abin gudu shi ne fumfuna, wadda ke kama da saƙar gizo-gizo tana tasowa daga gefe, da kuma hazo, wanda ke sa hoto ya yi fari-fari idan an fuskanci haske. Fumfuna in ta daɗe tana cin shafen da ke kan gilashi, ko an wanke tabon na nan. Lens ɗin da ya zauna a gari mai laima kamar Legas ko Fatakwal ya fi kamuwa da ita. Karce a gilashin baya ya fi na gaba illa nesa ba kusa ba.

Ƙofar hasken kanta a gwada ta. A yawancin na Nikon akwai ɗan hannu a gindi: ja shi ka saki, ganyayyakin su rufe nan take. In suna jan jiki ko suna ƙyallin mai, hotunanka za su riƙa yin haske fiye da kima. Na Canon da lantarki yake aiki, sai ka ɗaura shi ka ɗauki hoto a f/16, a farkon zum, a tsakiya, da ƙarshe. Kada ka tsallake wannan. Akwai siririyar waya a cikin lens ɗin zum da ke karyewa da tsufa, sai ya yi lafiya a buɗe amma ya kawo saƙon matsala Err 01 a allon kyamara da zarar an rage ƙofar. Wani lokaci datti ne kawai a kan ƙarafunan sadarwa na gindi, goge su da busasshen ƙyalle ka sake. In ya maimaita, ajiye shi.

Fokas kuma ka sa shi ya yi ta kai-komo tsakanin abu na kusa da na nesa, kana saurare. Ƙara mai tsini ko tsayawa a hanya alamar injin ya gaji ne. Daga nan ka tsaya daidai gaban bangon bulo ko jaridar da aka manna, ƙofar a buɗe gaba ɗaya, ka ɗauka, ka faɗaɗa kusurwoyi huɗun a allo. Duk su ɗan yi laushi ba laifi ba ne. Gefe ɗaya ya yi dishi-dishi ɗaya ya fito tar, gilashin ciki ya goce, gyaransa kuwa ba kowa ke iyawa ba. In yana da mai hana rawar hannu, IS ko VR, danna maɓallin ɗauka rabi ka ga ko hoton ya natsu.

A rasit a rubuta lambar da ke jikin lens ɗin, da kwanakin da aka yarda ka dawo da shi. Kayan da arharsa ta wuce hankali, mai shi kuma bai san ko sunansa ba, ka yi tunanin na sata ne.

Tambaya: Yayana ya bar min lens ɗin Canon guda biyu, ni kuma Sony a6000 gare ni. Adafta za ta yi? — Daga Maraɗi

Amsa: Za ta yi, domin tazarar da ke tsakanin baki da sensa milimita 18 ce a Sony E, 44 a Canon EF, 46.5 a Nikon F. Adafta cike gibin kawai take yi, shi ya sa lens mai doguwar tazara ke hawa kyamara mai gajeriya, akasin haka kuwa ba ya kama abu na nesa. Amma kar ka sayi zoben ƙarfe zalla mai araha. Lens ɗin EF ba shi da zoben ƙofar haske, ba tare da lantarki ba a buɗe zai tsaya. Nemi mai ƙarafunan sadarwa, irin Sigma MC-11 ko Metabones, kuma ka sani fokas a a6000 zai yi nawa, a6300 da na bayanta sun fi iya aiki da adafta. In na yau da kullum ne irin 18-55, sayar da su ka sayi na Sony ya fi. Ka dai tabbatar na bakin E ne, don na bakin A, wanda Sony ya gada daga Minolta, shi ma sai da adafta.