Ga mai neman jerin manyan kalmomin Turanci don karatun adabi

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Kin ce kina aji biyu a sashen Turanci, kowane shafi na littafin da aka ba ku sai kin ci karo da kalma 15 ko 20 da ba ki sani ba, kin haddace jerin manyan kalmomi kin zuba su a gwaji, takarda ta dawo duk jan biro, yanzu kina neman wanda zai turo miki jerin da ya fi wancan. Wallahi na san wannan ciwon, ba labarinsa aka ba ni ba. Shi ya sa ba zan turo miki wani jeri ba, don jerin ne ya kai ki inda kike.

Kuma laifin ba naki ba ne. Tun sakandare aka cuce mu. A muhawarar makaranta, wanda ya fi kowa zuba kalmomin da ba a ganewa shi ake yi wa tafi, malamai na gyaɗa kai, sai yaro ya tashi da tunanin cewa dogon Turanci shi ne ilimi. Ga masu buga ƙananan littattafai suna sayarwa a bakin makaranta: kalma 1,000, kowace da ma'ana ɗaya tal a gabanta, babu jimla, babu bayanin inda ake amfani da ita. Sun karɓi kuɗin ɗalibi sun bar shi da kayan da ba zai iya ɗauka ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne malamin da zai ɗaga takardar ɗalibi a gaban aji, ya karanta jimlar da ya yi kuskure da ƙarfi, aji ya bushe da dariya, ya ajiye takardar ya wuce bai faɗi inda kuskuren yake ba. Yaro ya kwana yana hadda, ya zo da zumuɗi, an mayar da shi abin dariya. Daga ranar wasu ba sa sake ɗaga hannu a aji har su gama. Wasu ma sashen suke bari, alhali gyaran minti biyar ne. Allah ya isar wa duk ɗalibin da aka yi wa haka.

To ga inda matsalar take. Ɗan littafin jerin kalmomin ya ce miki slim, skinny, gaunt da emaciated duk suna nufin siriri. Ba ɗaya ba ne. Slim yabo ne, skinny da ɗan kushe a ciki, gaunt ramar wahala ce ko ciwo da ke bayyana a fuska, emaciated kuwa wanda yunwa ko cuta ta cinye ne. Marubuci ya zaɓi ɗaya ya bar uku da gangan, kuma aikinki na ɗalibar adabi shi ne ki faɗi dalilin zaɓin. Haka famous da notorious, haka childlike da childish. Wanda ya ɗauko babbar kalma ya sa inda ƙarama ta isa, kamar wanda ya ari babbar riga ne ya tafi noma da ita.

Ki raba kalmomin gida biyu: waɗanda za ki gane in kin gan su, da waɗanda za ki yi rubutu da su. Na farkon suna da yawa. Paul Nation, masanin koyar da kalmomi, ya ƙiyasta a 2006 cewa mai son karanta ƙagaggen labarin Turanci ba tare da taimako ba yana buƙatar gidajen kalma (kalma haɗe da rassanta, kamar read, reader, reading) 8,000 zuwa 9,000, wato ya san kashi 98 cikin 100 na abin da ke shafi. A shafi mai kalma 300, shida ke nan za su ɓace miki. Ke da kike samun 15 kina wajen kashi 95, ba ki yi nisa da hanya ba sam, kada ki karaya. Amma kada ki tsaya duba ƙamus a kowace kalma, zaren labarin zai tsinke miki. Ki ja layi da fensir ki wuce, sai kin gama babi ki dawo. Wadda ta fito sau uku, ko wadda jimla ba ta fahimtuwa sai da ita, ita za ki duba. Kada su wuce 10 a rana.

Ƙamus kuma na Turanci zuwa Turanci, irin Oxford Advanced Learner's ko Longman, don suna ba da jimlar misali, suna nuna ko kalmar ta tsufa, ko ta adabi ce, ko ta raini. Manhajar waya mai fassara kalma da kalma ta Hausa ta fi ɓatarwa. Ki samu littafin rubutu, kowace kalma layi huɗu: jimlar da kika same ta a ciki da lambar shafi, ma'anarta a wannan jimlar, kalmomin da take tafiya da su, sai jimlarki ta kanki. Ki maimaita washegari, bayan kwana uku, bayan mako, bayan wata. In kina da waya mai kyau, manhajar Anki tana tsara miki wannan maimaicin. Ki riƙa danna sautin kalmar a ƙamus na waya kina ji, don epitome gaɓa huɗu ce, hyperbole ma huɗu, kuma a gabatar da aiki gaban aji a nan ake jin kunya.

Akwai tarkon da ba a faɗa wa 'yan aji ɗaya da biyu: kalmar da kika sani ita ta fi haɗari a tsohon rubutu. A Turancin zamanin Shakespeare, presently yawanci nan take ne, fond wawa ne, still kullum ne, want rashi ne, wherefore kuma don me, ba ina ba. Ba za ki duba su ba don kina ganin kin san su, sai ki fassara baiti a juye. Maganinsa bugu mai sharhi a ƙasan shafi, irin na Arden ko Cambridge. Ko tsoho ne a laburare, ya fi kwafin da aka cire wa sharhi don rage kuɗin fotokwafi.

Saiwoyin Latin da Girkanci su ma suna rage aiki, domin bayan 1066 da Normawa suka ci Ingila kalmomin Faransanci da Latin suka cika harshen. Bene alheri, mal sharri, chron lokaci, anthrop mutum. Da su za ki iya hasashen malevolent, anachronism da misanthrope. Hasashe ne dai, ki tabbatar a ƙamus.

Gida na biyu, na kalmomin da za ki yi rubutu da su, ƙarami ne, kuma shi ke kawo maki. In kin yi Hausa a sakandare, rabin kayan na hannunki: theme jigo ne, simile kamantawa, metaphor siffantawa, personification mutuntarwa, hyperbole kambamawa, rhyme amsa-amo, enjambment sabi-zarce. Ba sabon ilimi ba ne, suna ne ya canza. Ki kula da masu rikitarwa. Tone halin mai magana ne game da abin da yake faɗa, mood abin da mai karatu ke ji. Theme ba kalma ɗaya ba ce irin love, magana ce da rubutun ke yi a kan soyayyar. Marubuci shi ke yin imply, ke mai karatu ke kike yin infer. A Glossary of Literary Terms na M. H. Abrams ya warware irin waɗannan da misalai, ki neme shi.

Sannan ki daina rubuta shows a kowace jimla. Ki koyi aikatau kamar 20 da kyau: suggests, evokes, foreshadows, juxtaposes, undermines, reinforces da ire-irensu, kowanne da yadda ake gina jimlarsa. Juxtapose, misali, dole abu biyu yake ɗauka, da with ko and a tsakani. In kina son jeri dole, Academic Word List, jerin kalmomin rubutun ilimi da Averil Coxhead ta fitar a 2000, ne kaɗai zan yarje miki, gidajen kalma 570, kyauta yake a intanet, kuma shi ma cikin jimla za ki koye shi.

Waccan takardar mai jan biro kada ki yaga ta. Ki kwafe duk jimlar da aka ja wa layi, ki sake rubuta ta da kalmar da kike da tabbacinta, ki kai wa malamin da kika ga yana sauraron ɗalibai ko wata yayarki ta aji huɗu. Ki turo mana sunayen littattafan da aka ba ku a wannan zangon da jimla biyu ko uku daga cikin waɗanda aka ja wa layin, in sha Allahu za mu duba su tare a nan.